Dorcas Duba-Gari da Rijiyar Ƙofar Malam Junaidu

Shekara talatin da biyar ke nan, kafin rana ta yi zafi Dorcas Barnabas ta riga ta fito da jakar kwalabe a kafaɗa, tana bin rijiyoyin Sakkwato tana ɗibar ruwan gwaji. Aikin duba-gari ba ya jawo farin jini, mata na hango ta sai a turo ƙyaure. Watan nan za ta ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

A bayan Tudun Wada akwai kangon da aka taɓa narka tsofaffin batura. Masu shi sun kwashe nasu ya nasu, suka bar wa ƙasa gubar dalma. Yara suka fara ciwon ciki, wata 'yar shekara huɗu, Hasana, har da jijjiga. Gwaji ya nuna gubar ta sauka cikin rijiyar ƙofar gidan Malam Junaidu, wadda duk layin ke sha. To, marigayi mahaifin Malam ne ya haƙa ta sadaka, don lada ya riƙa iske shi a kabari.

Ranar da Dorcas ta zo da magina da siminti don rufe rijiyar, ta tarar ƙofar ta cika maƙil. Malam ya ja guga da hannunsa.

"Duba-gari, diba nan. Launi bai sake ba, ɗanɗano bai sake ba, babu wari. Ruwan ga mai tsarki na. Mi kika so da rijiyar mahaihina?"

Wani ya ɗaga murya daga baya, wai me ta sani game da ruwan alwala. Magina suka fara zamewa. Dorcas ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Malam ya ɗaga gugan zai sha a gaban jama'a. Ta san in ya kurɓa magana ta ƙare, gobe kowace uwa za ta ɗebo wa ɗanta.

Sai ta riƙe igiyar.

"Allah ya gafarta Malam, zancen tsarki naku ne, ba ni da baki a ciki. Amma dalma ba ta da launi, ba ta da wari. Baba ya haƙa ta ne don yara su sha su rayu. Ku je ku ga Hasana. In kun dawo kuka ce a bari, zan kwashe simintina."

Malam ya tafi. Ita kuwa ba ta saki igiyar ba, ga idanu caa a kanta. Da ya dawo, bai kalli kowa ba.

"Ku ruhe ta," ya ce.

Shekara biyu ta yi tana zarya ofis-ofis, har katafila ta kankare ƙasar kangon, tifofi suka kwashe, aka zuba sabuwa. Aka haƙa burtsatse can nesa, ta nace sai an sa masa sunan marigayin.

Ke ce kika tsaya inda maza suka ja da baya, Dorcas. Mun gode. Duk mai riƙe da amanar jama'a ya koya daga gare ki: gaskiya da ladabi, kuma kar a saki igiya.

In an yabe ta, sai ta girgiza kai. Yaran layin sun warke, amma Hasana, yau shekararta tara, har yanzu ba ta iya haɗa magana.

"Da na zo da wuri," take cewa.