Gwaji, Gwaji, Ana Ji Na?

Da za a ba ni damar gyara abu ɗaya a rayuwata, da na koma ranar da Habu, ɗan yayana marigayi, ya miƙo min kaset ɗin waƙarsa ta farko. Ban karɓa ba. Cewa na yi, "Mu maƙeran bokiti ne tun da kakanka ya biyo jirgin ƙasa ya sauka Minna. Ba mu haifi maroƙi ba."

"Kawu, ba roƙo ba ne, hip-hop ne."

"Ko hop-hop ne, fita min daga maƙera!"

Ku da kuka san Habu Tsawa kun san ba ya fara magana sai ya daki ƙirji ya ce, "Gwaji, gwaji, ana ji na?" Ranar da na raka shi gaida surukinsa a Chanchaga, tun a hanya nake roƙonsa ya rufa mana asiri. Muna shiga ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, sai ji na yi, "Gwaji, gwaji..." Tsohon ya kalle shi ya ce, "Ana jin ka, yaro. Rage ƙara." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige!

Wata rana na leƙa ɗakinsa, na tarar ya manne bango da kwalayen ƙwai tun daga ƙasa har rufi, wai don murya ta fita tas. Situdiyo ke nan. Na ɓamɓare su, na tara a tsakar gida, na ƙyasta ashana. Yaron nan ko musu bai yi ba. Ya hau mota sai Garatu, wajen Mama Ladi mai kaji, neman wasu kwalayen.

Ta ce, "Ɗana, ni ba na ba da kwali babu ƙwai. Ɗauka da ƙwai, ka sayar, kwali ya zama naka."

Ya kai wa masu shayi, ya koma ya ƙaro. Kafin ya gama rufe bango ɗaya, masu shayin Chanchaga sun daina kiransa Tsawa, sun koma Habu Mai Ƙwai. Daga baya, da ya gina gonar kajinsa a hanyar Paiko, duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya kafa kamfanin nan. Jarinsa tsinken ashana."

Kuma arziki bai canza shi ba, sai ma abin da ya ƙaru. Kwali ko ya yage ba a jefarwa, sai a ɗinke. Sarƙar wuyansa ta zamanin waƙa, mai kaurin igiyar rijiya, da ita ake ɗaure ƙofar gona. Lasifikokin da yake hawa dandali da su kuwa, ɗakin kaji ya rataye su, kullum da hantsi a sa musu waƙoƙinsa.

Na ce, "Habu, kanka ɗaya kuwa?"

Ya ce, "Kawu, su ne masoyana na gaskiya. Ba sa neman shiga kyauta, ba sa jifa da ledar ruwa, kuma kowace safiya sai sun yi min liƙi."

Na yi dariya har da hawaye. Sai ya ce, "To zauna ka ji guda ɗaya mana." Na ce sai wata rana. Haka nake ce masa kullum. Ƙwansa kuwa ban taɓa cewa sai wata rana ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, muryar nan da ke cika unguwa ta koma kamar raɗa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya taɓa ƙirji. "Gwaji, gwaji. Kawu, ana ji na?"

Na ce, "Ana jin ka, Habu."

Ya yi murmushi ya ce, "Yau dai."

Bayan sadakar bakwai na je gonar. Ma'aikatansa ba su fasa kunna wa kaji waƙa ba. Na kifa bokiti na zauna. Kiɗan na tashi na kasa kunne. Kwan, kwan, kwankwan. Gudumata ce a kan ƙarfe, yadda nake bugu biyu in ɗan tsaya in ƙara. Na tambayi ma'aikatan, ashe tun yana yaro yake laɓewa bayan maƙera yana naɗar ƙarar, a kanta ya ɗora waƙar da ya miƙo min ran nan. Kajin Paiko sun sha jin ta. Ni, mai gudumar, sai ranar.

Allah ya jiƙan Habu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Ku kuma, in ɗanku ya tsaya gabanku ya ce ana ji na, don Allah ku ajiye guduma ku saurara. Kada ku ce sai wata rana.