Ranar da bakina ya mutu a bikin Djougou

A lokacin da abin ya faru ni zabiya ce da ake ji da ita daga Parakou har Djougou, kuma na san ana ji da ni, abin da ya kai ni ya baro ke nan. Ba a aurar da 'yar babban gida a unguwar Ganou ta Parakou ba a aiko mini da goro ba. A bayana kullum akwai makaɗina, wani dattijo mai kalangu, siriri, marar yawan magana, wanda muka fara yawon biki tare tun ina budurwa. Yaya nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Masoya sun dame ni da tambayar abin da ya raba mu, shi ya sa na rubuto wa mujallar nan don su ji daga bakina.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba, a aikinmu kalangu ke fara faɗa, ni in maimaita. Yaya ne ya san kakannin kowane gida, wa ya zo da fataucin goro, wa ya gina masallaci. Sai ya kaɗa mini sunan da kirarinsa, ni kuma in ɗauka in sa masa murya. Da wani mai situdiyo ya ɗauki waƙoƙinmu suka shiga rediyo da wayoyi, aka ce in je in yi musu rajista a ofishin kare haƙƙin mawaƙa. Ma'aikacin ya tambaye ni wa ya ƙirƙire su, na ce ni. Wallahi ko ɗar ban ji ba, don a al'adarmu da sunan mai waƙa ake kiran ƙungiya. Da rabon farko na kuɗin waƙoƙin ya fito na aika wa Yaya wani abu na ce kyauta ce, ya mayar mini. Raina ya ɓaci, na aika masa cewa masu kalangu ba su ƙare a duniya ba.

Na ɗauki samari masu fiyano, muka yi Cotonou, muka yi Yamai, ana ta tafi, kaina na ƙara kumbura. Can ba wanda ke jiran jin sunan kakansa. Sai aka gayyace ni Djougou, bikin wani tsohon gidan fatake. Uwar amarya ta fito fili ta tsaya gabana tana murmushi, tana jiran in kira mahaifinta. Na buɗe baki, na karkata kunne baya kamar yadda na saba, ba abin da ya zo sai kiɗan inji. Ban san sunan ba, ashe ban taɓa riƙe shi da kaina ba. Matar ta jira har murmushin ya bushe, ta koma ta zauna. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari na wuce ƙauyen Tourou kusa da Parakou, inda Yaya ya koma wajen ɗansa. Na same shi yana gyaran tsarkiyar kalangu, na durƙusa, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba. Ya kira ni ƙanwarsa, ya ce in tashi, gwiwoyin nan sun tsufa da wannan aiki. Ya ce ba rabon ne ya dame shi ba, kalmar kyauta ce, don bare ake yi wa kyauta. Kuma jikokinsa sun ji waƙar a rediyo da sunana ni kaɗai, suka tambaye shi ko haya nake ɗaukarsa. Nan na yi kuka sosai.

Tare muka koma ofishin, ya sha babbar rigarsa, aka gyara rajistar da sunan mu biyu. Yanzu muna ɗaukar sababbin waƙoƙi, hannunsa kuma bai mutu ba. Bayan Sallah za mu fita zagaye, kuma da Djougou za mu fara, don matar nan ta amince in dawo in kira mahaifinta.

'Yan'uwana mawaƙa, musamman masu tasowa, kafin ku ce waƙa taku ce ku waiwaya ku ga wanda ke tsaye bayanku. Ni na yi sa'a nawa yana raye na same shi. Yanzu idan mai rediyo ya ambaci sunana ya yi shiru, da kaina nake kiransa a waya in ce masa bai gama ba.