Minti Ɗaya na Shiru a Ɗakin Umma

Shamsiya Musbahu 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san gidan Bakano na asali ya san abin da hakan ke nufi: har ta kai shekara goma sha bakwai ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. "Ke," Umma ke cewa. In da baƙi, "yarinyar nan." Ƙanwarta Kulsum kuwa a wuni sai a kira ta sau hamsin, har da kirari. Daga Fagge aka kawo su Dubai tun Shamsiya na shekara shida, mahaifinta yana harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Deira. Umma ta bar turmi da murhu a Kano, amma kunyar 'yar fari ta ƙulle ta a bakin zani ta hau jirgi da ita. Shamsiya ta san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Sanin bai hana abin ci mata rai ba.

A shekaru biyu na ƙarshe a sakandare ta zaɓi darasin kafofin yaɗa labarai. Baba ya yi ta mita, wai mene ne abin karantawa a talabijin, kowa ba kallo yake yi ba? Jarrabawar ƙarshe, a 2013, ita ce kowa ya haɗa fim na minti biyar a kan wani mutum na gaske. 'Yan ajin suka bazama neman masu tseren mota da masu gina dogayen benaye. Ita kuwa ta zaɓi Umma, wadda ke tuƙa tuwo da miyar kuka tana aika wa 'yan kasuwar Kano da ke sauka a ƙananan otal-otal na unguwar Al Buteen.

Akwai abin da ta ƙulla a ranta. Ta kafa kyamara a ɗakin Umma bayan la'asar, ta yi tambayoyin tuwo da na gida, sannan ta jefa wadda ta zo dominta.

"Umma, 'ya'yanki nawa? Su wa da wa?"

Umma ta dubi kyamarar, ta dube ta, ta yi murmushi. "Biyu ne. Da Kulsum, da babbar. Ke, ni za ki ɗana wa tarko?"

Haka dabarar ta sha ruwa. Saura abu ɗaya. Malamarsu, wata Baturiya mai tsanani, ta koya musu cewa kowane ɗaki da irin shirunsa, don haka in an gama hira sai a naɗi minti ɗaya ba mai magana, a riƙa cike gurbi da shi wajen yanka da haɗawa. Shamsiya ta kashe kyamara ta bar na'urar sauti.

"Umma, shwaiya, ɗan dakata. Kada ki ce komai, minti ɗaya."

Umma ta zauna a tabarma tana fuskantar taga. Shamsiya ta kafe ido a kan lambobin da ke ƙirgawa, ranta a ɓace. Abin sawa a kunne ma ta manta shi a makaranta.

Bayan mako uku Umma ta yanke jiki ta faɗi a kicin kafin azahar. Hawan jini, in ji likita. Washegari aka kai ta maƙabartar da ke wajen Muhaisnah.

Bayan sadakar bakwai Shamsiya ta koma makaranta, don ranar miƙa aiki ba ta san makoki ba. Ɗakin haɗa fim ba shi da taga, sanyinsa har cikin ƙashi, ga shi da tsakar rana ba kowa. Ta sa abin kunne, ta ƙara sautin shirun nan don ta ji ko yana da tsabta. Ga gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Ga wani jirgin ruwa can nesa a mashigin tekun Deira. A daƙiƙa ta arba'in da ɗaya, ƙasa-ƙasa amma tar, muryar Umma ta ce:

"Shamsiya."

Ta tsayar, ta mayar baya, ta sake ji. Yana nan. Ita fa tana ɗakin ranar, taku biyu tsakaninsu, kuma ba ta ji komai ba.

Ta ɗauki sautin ta kai wa Gwaggo Saratu, yayar Baba, wadda ta zo ta'aziyya daga Kano. Gwaggo ta saurara, ta fizge abin daga kunnenta kamar ta taɓa garwashi.

"A'uzu billahi! Uwarki ba za ta faɗi sunan nan ba ko da wuƙa a wuya. Goge shi. Kuma ki ji ni da kyau, kiran da ba ki ga mai yinsa ba, ba a amsa shi. Wanda ya amsa, bin mai kiran yake yi."

"Gwaggo, muryarta ce fa."

"Yo da muryar wa kike so a kira ki? Ai da wadda kika fi so ake zuwa."

Malamar ma ta saurara. Ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ce shirun ya ɓaci, a yanke wurin a yar. Ita abin nan a wurinta datti ne a cikin sauti.

Kwana huɗu Shamsiya tana zuwa ɗakin nan mai sanyi. Kullum sai ta kunna, da an kira sunan ta tsayar da sauri, ta cije leɓe kada bakinta ya suɓuce. Ba ta taɓa barinsa ya wuce nan ba. Tsoro take ji, tsoro na gaske, har takan waiwaya ta duba bayan kujerarta. Ta kasa gogewa kuma, don a duk duniya nan kaɗai sunanta yake a bakin uwarta.

Ranar miƙa aiki ta zauna da yatsa a kan maɓallin gogewa. Ta yi addu'ar da ta zo bakinta. Ta ce bari ta ji sau ɗaya na ƙarshe. Gurnanin ɗaki ya zo, jirgin ruwa ya wuce, aka kira ta.

"Na'am, Umma," ta ce.

Wannan karon ba ta tsayar ba. Shirun ya ci gaba. Tabarma ta yi ɗan motsi, irin na wanda ya juyo. Sai aka ja numfashi a hankali, dogo, na mai shirin faɗin maganar da ya daɗe yana riƙe da ita. Shamsiya ta danna abin kunnen da hannu biyu, ta daina numfashi, tana jira.

Sai ta ji tata muryar ta ranar nan, da ƙarfi, cikin gundura:

"Khalas, Umma, minti ya cika. Tashi abinki."

A cikin naɗin, na'urar ta yi ƙas, ta mutu.