Ranar da Baba Ya Cire Takalmi a Ƙofar Filin Ƙwallo

Lahadin da ta wuce ina tsaye a ƙofar filin ƙwallo, ina jiran wani yaro da muka yi ciniki ta waya ya kawo min tikiti, sai na ji wani a bayana yana cewa ƙasa-ƙasa, "Akwai tikiti, akwai tikiti." Ba da ni ma yake ba. Amma sai da na waiga. In kana zuwa kallon manyan wasanni ka san muryar nan. Ba talla ba ce, ba raɗa ba ce, mutum na magana bakinsa bai cika motsi ba, idonsa na can wani wajen. Ni a bakin mahaifina na fara jin ta.

A wani ƙauye na tashi a ƙasar Roni, bayan duwatsu. Lungu ɗaya ne ya raba gidanmu da gidan kakana na wajen uwa, don haka a can nake wuni. Baba yana Kano, yana aiki a masaƙa. Ba ya zuwa sai jefi-jefi, in ya zo kuwa da sabulu da atamfa, jikinsa na warin sabon yadi. Duk ƙauyen nan an san Umma matar mai albashi ce. An ce lokacin aurenta manema sun yi yawa, har da masu shanu, amma Kaka ya zaɓi Baba, 'yan uwan Kaka suka yi ta ƙorafi, ya ce shi ya ga mutum. To ka ga ba mutuncin Baba kaɗai ke rataye a masaƙar nan ba, har da na Kaka.

Kaka dillalin awaki ne. Ranar kasuwa yakan tafi Gwiwa ko Kazaure, ya dawo da warin bunsuru a riga da ƙuli-ƙuli a aljihu. Amma abin da ya fi so a duniya ƙwallo ne. Lokacin da kuɗin mai ya ɓarke a ƙasar nan yana saurayi, ya yi shekaru yana zuwa cin rani Kano, yana ɗaukar bulo inda ake ta gine-gine, a nan ƙwallo ta shiga ransa. Yana da wata tsohuwar rediyo da yake shanya batirinta a rana. Ranar wasa zai shimfiɗa buzu a gindin dalbejiya, ya kara ta a kunne, ni kuma ina kwance a cinyarsa ina jin ihun mutanen da ban taɓa gani ba.

In an tafi hutun rabin lokaci sai labari. Wai a zamaninsu kuɗin shiga bai kai na kwanon tuwo ba. Wai yaro ba ya biya, hannun wani babba kawai zai kama, ko bai san shi ba, mai ƙofa ya ɗauke kai. Wai in an dawo hutu ma buɗe ƙofar ake yi gaba ɗaya kowa ya shiga. Nakan ce masa tsohon nan ƙarya kake, ya ce abokina, kai da ko tsayin akuya ba ka kai ba me ka sani. Haka muke da shi. Abin da ba zan iya faɗa wa Baba ba ko da wasa, Kaka ina faɗa masa ina jan gemunsa.

Tsakanin Baba da Kaka kuwa wani abu ne daban. Ka san surukuta irin ta wajenmu. Baba bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa bai taɓa sha ba. In ya hango shi a hanya tun daga nesa zai cire takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa, shi kuma Kaka ya kau da fuska ya amsa gaisuwar yana kallon katanga. Maganar kuɗi ko ta buƙata ba ta taɓa haɗa bakinsu ba. In akwai saƙo, mutum na uku ake nema.

Wata shekara bayan girbi, ina aji huɗu a firamare, aka sanar a rediyo za a yi wani babban wasa a Kano. Kaka ya ce wannan karon da idonsa zai gani, kuma da ni zai je, in daina ƙaryata shi. Na kasa cin tuwo don murna. Da safen tafiya garin na ƙamshin sabon gero, mata na sussuka, Umma ta ba ni ƙullin kuka da daddawa ta ce a kai wa Baba. Kaka ya ce in an tashi wasa za mu bi ta masaƙar mu bar wa maigadi, don shi ba zai sauka wajen suruki ba.

Muka hau mashin zuwa Kazaure, daga nan bas. Duk hanya yana nuna min wurare yana cewa da nan daji ne.

Tun kafin mu isa filin na gane labarin Kaka ya tsufa. Mutane kamar ƙasa. Muka shiga layin tagar da ake sayar da tikiti, rana na dukanmu, na gabanmu ya faɗa wa Kaka kuɗin. Kaka ya sake tambaya, ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya tambayi ko yaro na shiga a hannun babba, mutumin ya yi dariya ya ce baba yaushe rabonka da nan. Na ga Kaka ya juya baya ya kwance bakin hankicinsa yana dubawa. Ya ce in aka haɗa da kuɗin abincinmu zai isa. Saura kaɗan mu kai tagar, aka rufe ta. Wai sun ƙare.

Ba su ƙare ba, hannu suka sauya. Kafin layin ya watse sai ga 'yan cuwa-cuwa sun fito ta ko'ina suna ratsa mutane, kowa da tikiti a tafin hannu, kuɗin ya ninka har ba kyan ji. Na gabanmu ya ce tun da asuba wasu masu kuɗi ke zuba yara a layi su kwashe. Kaka ya ce Allah ya kyauta, a kasuwar dabbobi mai irin wannan ba ya ƙara samun wanda zai sha hannu da shi.

Bai rufe baki ba na ji muryar a bayanmu. Akwai tikiti, akwai tikiti. Na san ta kafin in juya.

Baba ne. Ya rame, rigarsa ta koɗe, ya jawo hular sanyi har gira a cikin zafin nan. Tikiti a baje a hannunsa. Shi ma bai gan mu ba sai da Kaka ya waiga, suka haɗa ido, abin da ban taɓa gani sun yi ba.

Da wani ne da ya nutse cikin taron ya ɓace, kuma da ba wanda zai iya rantsuwa shi ne. Amma jikin Baba ya riga tunaninsa. A take ya zame silifas ɗinsa ya tsuguna a tsakiyar cunkoson nan, kansa a ƙasa, tikitin na hannunsa, ya fara gaisuwa. Mutane na ture shi. Wani ya taka takalminsa ya wuce da shi gaba. Abokan sana'arsa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, "Mai masaƙa, lafiya? Gwamna ne ya zo?" Wani ya janye mutumin da ke shirin saya a hannunsa. Ni kuwa ina tsaye da ƙullin daddawa, ji nake da ma ƙasa ta buɗe. A ranar ban san kunyar me nake ji ba, ta rigarsa ce, ta dariyar ce, ko ta tsugunon.

Kaka ya kau da kai kamar yadda ya saba, ya amsa gaisuwar yana kallon katangar filin. Sannan ya matsa gefe, ya jawo ni, ya ce, "Abokina, je ka ce wa babanku ya tashi, akwai rana. Ka ba shi saƙon gida."

Na je. Baba bai tashi ba. Ya karɓi ƙullin ya ɗora a cinya, bai kalle ni ba, ya zaro tikiti biyu ya ce in kai wa Malam, wato Kaka, in ce kyauta aka ba shi.

Na kai wa Kaka ina murna, don a zuciyata magana ta ƙare, za mu shiga. Kaka bai taɓa su ba. Ya nuna min da haɓa wani ƙaton mutum a kan mashin a inuwa, da jaka a ƙirji, ya zuba wa Baba ido, da gani shi ne mai tikitin. Ya ce, "Mayar masa. Ka ce ni ma kayan mutane nake sayarwa, na san wanda ake tambaya da yamma."

Haka na yi ta kai da kawo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Baba ya ce in ce don Allah. Kaka ya ce in ce ya gode, ya karɓa, ya kuma mayar. Sayen ma ba zai yiwu ba. Abin da ke hankicin bai kai ba, kuma ko ya kai, wa zai taya, wa zai ce albarka? Daga ƙarshe Kaka ya ce in faɗa masa gwiwarsa ce ta motsa, ba zai iya hawa benen ba, dama rakiya ya yi min. Na fara kuka na ce to ni a ba ni ɗaya mana. Kaka ya ce rufa min baki, mai tsayin akuya, me za ka hango a can. Ya ja hannuna muka bar wajen. Sai da muka yi nisa na waiga na ga Baba ya miƙe, yana neman ɗayan takalminsa a ƙafafun mutane.

Ba mu tafi ba. Muka zaga bayan filin, inda wani mai rake ke da rediyo. Kaka ya saya min rake, muka zauna a kan dutse, muka ji wasan kamar yadda muke ji a gindin dalbejiya. Bambancin kawai, in an yi ihu a rediyo sai mu ji na gaske ya tsallako katanga ya rufe shi. Mutumin da ya yi shekaru yana jiran ranar nan, katanga ce kawai tsakaninsa da ita. Sai ɓare min rake yake ta yi.

A bas ina jiran ya yi maganar Baba, bai yi ba. Sai da muka hango duwatsun Kazaure ya tambaye ni ci nawa aka yi. Na faɗa. Ya ce to, shi ke nan abin da ka gani.

Washegari da hantsi maƙwabta suka taru a ƙofar gida, Kaka ya ba su labarin wasan tun daga busa har tashi, yana miƙewa yana nuna yadda aka zura ƙwallo, da gwiwar da ya ce ta motsa. Ina zaune ina fargaba, don na san in maganar ta fito kafin azahar ta gama ƙauyen, 'yan uwan da suka yi ƙorafi su samu abin faɗa, Umma ta kasa zuwa rijiya. Can Umma ta leƙo ta gaida shi, ta tambayi saƙon.

Kaka ya ce, "Ya isa hannunsa. A bakin aikinsa muka same shi, yana fama. Ki riƙa yi masa addu'a."

Sai daga baya na san an rufe masaƙar tun kafin damina, kuma duk sabulun da ya riƙa zuwa bayan nan daga ƙofar filin ya fito. Da bazara Kaka ya aike ni in ce wa Umma ta aika wa Baba, wai gonarsa ta bakin rafi ta fi ƙarfinsa, yana neman mai taimako. Baba ya dawo, ya noma ta. Har Kaka ya rasu ba su taɓa tada maganar ba, kuma Baba bai daina cire masa takalmi ba.

Yanzu ina birni. Tikitin babban wasa ya zama abin da sai ka yi shawara da albashinka, kuma kafin ka buɗe waya an ce sun ƙare, sai ka koma wajen masu hannu na biyu. Ba layi, ba tsuguno, lamba ce kawai ba fuska. Mutum zai iya saya a wajen ubansa bai sani ba.

Yaron da nake jira ya zo, gumi na zuba, ya miƙo min da hannu biyu. Na biya shi ban iya kallonsa ba. Da yamma na kira Baba mu gaisa, na ce masa na je kallo. Sai ya ce, "A taga ka saya ko a hannu?" Tun ranar nan bai taɓa matsowa kusa da maganar haka ba. Na ce a hannu. Ya ce na dai biya mai sayarwar yadda ya ce ko? Na ce e. Ya ce madalla, shi ma tambayarsa za a yi.

Ban gaya masa cewa da safe, da yaron ya faɗa min kuɗin a waya, ɓarawo na kira shi ba.