Maɗaurin Ƙwaurin da Ya Ɓata

A shekarata ta biyu da zuwa ƙasar nan daga Kumasi, ina aikin kula da wani tsoho Bature a wani gida kusa da garin Wheaton. Ya haura tasa'in, kuma ya yi soja da ƙuruciyarsa. Baba nake ce masa, tun yana gyara mini har ya saba. Cikin kayan sojansa babu abin da ya rage sai maɗaurin ƙwauri, irin na tamfol ɗin nan da sojojin da can suke sawa daga idon sawu zuwa ƙasan gwiwa, su zarge da igiya. Yana ajiye su a ƙasan durowa, cikin tsohuwar rigar filo.

Wata Litinin da safe na tarar da durowar a buɗe, shi kuma yana zaune a bakin gado.

"Ina kika kai su?" ya ce.

Na ce ban taɓa su ba. Bai ɗaga murya ba, amma ya ƙi karɓar magani daga hannuna, ya ce zai kira kamfanin da ya turo ni. A aikinmu, zargin sata ko bai tabbata ba ya isa ya raba mutum da abincinsa.

Na fita baranda na kira 'yarsa. Ta ce ita ce ta kwashe tsofaffin kaya ranar Asabar ta kai shagon gwanjo, ba ta duba cikin rigar filon ba. Na roƙe ta ta faɗa masa. Ta ce idan ya ji ba zai ƙara yi mata magana ba, in yi haƙuri ta samo dabara.

Da na tashi aiki na kira kawuna, wanda sana'arsa ke nan, sayen gwanjo yana aikawa gida. Muka haɗu a shagon. Ma'aikaciyar ta ce kayan Asabar an riga an rarraba su, wasu ma an tura wani reshe. Muka duƙufa tono. Can cikin wani kwando, tsakanin tsofaffin jakunkuna, Kawu ya zaro maɗaurin ƙwauri har kashi biyu. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa ganin na Baba, shi ma daga nesa.

"Ki bi a hankali," in ji Kawu. "Masu wasan kwaikwayon yaƙi suna ɗinka sababbi, su jiƙa da ruwan shayi su yi kamar tsofaffi. Idan kika kai masa jabu, cewa zai yi kin sayar da nasa."

Muka baje su ƙarƙashin fitila. Kashi na farko ya fi datti, ya fi kama da tsoho, amma ƙugiyoyin igiyar suna ƙyalli ta ciki, kuma maɗaurin da ke bi ta ƙarƙashin takalmi bai ci ba ko kaɗan. Na biyun ya fi tsabta, sai dai ƙugiyoyinsa sun yi kore, maɗaurin ƙasan ya siɗe, akwai kuma hatimin da ya koɗe har ba ya karantuwa. Na shinshina, na ji warin daɗewa a akwati.

Muka saye duka biyun. A wajen ajiye motoci Kawu ya tsinko zare daga ɗinkin kowanne ya ƙyasta ashana. Na farkon ya nannaɗe ya narke kamar leda. Na biyun ya ci wuta ya zama toka.

"Wannan na gaske ne," ya ce. "Amma ko nasa ne, ban sani ba."

Washegari na tarar da 'yar a kicin, ko ido ba ta iya haɗawa da ni ba. Na wuce ɗaki na ɗora wa Baba kashi na biyun a cinya. Ya juya su, ya bi ƙugiyoyin da yatsa, ya leƙa ciki, sannan ya ce:

"Ba nawa ba ne."

Ya sake juya su a hannu, ya ci gaba.

"Na soja ne, tabbas. Amma mai su ya fi ni gajarta, ga inda ya rage samansu. Nawa na hagu ya taɓa yagewa, ni na ɗinke da hannuna." Ya ɗago kai. "A ina kika samo?"

"A shagon gwanjo, Baba."

"Me ya sa kika je nema a can?"

Ƙarya ba zan yi masa ba, kuma maganar ba tawa ba ce. Ya ci gaba da kallona. Sai muka ji muryar 'yar daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, tana cewa ita ce ta kai su, bisa kuskure.

Bai waiwaye ta ba. Ya miƙo mini ƙafarsa ta dama ya ce in ɗaura masa. Na durƙusa na gwada, amma ƙafar ta kumbura, tamfol ɗin ya ƙi haɗuwa. Ya ce in bari, in ajiye su a kan kujera inda zai riƙa ganinsu.

'Yar ta zagaya sauran rassan shagon har da na wajen garin Clinton, ba a dace ba. Ya ɗauki makonni kafin ya sake kiran sunanta. Ni dai bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ban kuma jira ba. Na ci gaba da aiki a gidan har ya rasu a shekarar da ta biyo.