Minti Biyu da Muryar Baba

A layin masu gyara babu wanda bai san Minti Biyu ba. Sunan daga bakinsa ya fito: kafin ka gama bayanin matsalarka ya miƙo hannu, "Kawo nan, minti biyu." Da rediyo ya fara, ya koma kaset, da zamani ya juya ya bi waya da laftof. Teburi ɗaya gare shi, da fanka mai ƙara, da gwangwani cike da ƙananan kusoshi. Hannu kam Allah ya ba shi. Abin da ya rasa shi ne haƙurin karanta abin da na'ura ta rubuto. Kowace tambaya ta fito a allo, "eh" yake dannawa, bakinsa na can wajen hira.

Wata safiya ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zo da tsohuwar wayarta da sabon laftof. A wayar akwai muryar babansu, wajen awa tara. Duk ranar hutu takan ajiye wayar kusa da shi, tsoho ya yi ta zuba: yadda ya koyi kafinta, yadda ya fara ganin mamansu, har da dariyar nan tasa mai kama da tari. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, magana ta ɗauke ɗif.

"Yaya, kwana uku ina fama, wayar da laftof sun ƙi ganin juna," ta ce. "Ga batirin wayar ya kumbura. So nake muryar Baba ta koma laftof tun wayar ba ta mutu ba."

Ya kashe bulutut, mai haɗa na'urori ba tare da igiya ba, ya kunna. Shiru. Ya matso da su har suna gogar juna. Shiru. Sai ya goge tsohon haɗin a ɓangarorin biyu, ya nema sabo, lambobi shida suka fito nan da can, iri ɗaya.

"Ga su sun gaisa. Kwana uku, kuma wai ke ce mai karatu a gidanmu!"

"Yaya, don Allah ka fara kwashe muryoyin da igiyar kwamfuta, ko da wani abu."

"Igiya? Haba, ai wannan sai 'yan koyo."

Wallahi igiyar tana rataye a ƙusa, saitin kansa. Miƙa hannu kawai zai yi.

Allo ya rubuto cewa ɓangarorin biyu sun bambanta, a bar na baya-bayan nan? Ya danna "eh". Bai lura agogon wayar ya koma baya da shekaru ba, tun wata rana da aka taɓa cire batirin. A lissafin na'ura, jakar ajiyar fayil ta cikin laftof, wadda babu komai a cikinta, ita ce sabuwa, sai ta mayar da wayar kamarta. Koren layi ya ruga ya cika. Minti biyun ma bai kai ba.

Ƙanwar ta buɗe jakar a waya, ta rufe, ta sake buɗewa: wayam. Ya so ta zage shi, ta tara masa jama'a. Ina! Cewa ta yi, "Ba komai, Yaya," ta ɗauki laftof ɗinta ta wuce aiki. Wannan "ba komai" ta fi mari ciwo, kuma har yau tana cin sa.

Mako guda ya rufe shago yana tonon wayar. Duk dabarar da ya tara a shekara talatin ya zube ta. Abin da ya ceto daƙiƙa huɗu ne.

Ya je gida ya durƙusa gaban tsohon, ya faɗa masa komai, bai rage ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga hannun da ke motsi ya dafa masa kai. Leɓɓansa suka yi ta rawa, ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Yanzu in ka kai masa waya, sai ya sa tabarau, ya karanta kowane layi yana bi da yatsa, ya kwashe komai da igiya kafin ya taɓa wani abu. Maƙwabta na tsokanarsa, wai Minti Biyu ya zama Wuni Guda.

In shago ya yi shiru da rana, yakan kunna daƙiƙa huɗun nan. Baba ya gyara murya, kujera ta ɗan yi ƙara, sai ya ce, "To, ina muka tsaya?"