Ƙauyen Baba Yunus da Kwaltar da Ba Ta Isa ba

Ƙamshin citta da madara, da ƙarar cokali a jikin kofi. Duk wanda ya zauna Nakkasa, a Makka, kafin a rushe unguwarmu ya san wannan sallamar Baba Yunus ce, Bahindiyen da ke sayar da shayi a tashar motoci ta Kudai. Aminin Kakana ne, kuma a bakin Kaka ya koyi Hausa, har da zagin Sakkwatanci. Tun da idon Kaka ya mutu, shi ke riƙe hannunsa zuwa masallaci.

Kun san ba a gama kofi ɗaya a gabansa ba tare da an je ƙauyensu na Indiya an dawo ba. Wata rana Kaka ya ce, "Wai ku nawa ne a ƙauyen nan da ka ishe mu da shi?"

"Da awaki ko ba awaki?"

"Mutane nake tambaya."

"To da na maƙabarta, don ba su bar gari ba. Da ni, don ban yi sallama ba."

Kaka ya ce a haka kam sun fi Makka yawa. Baba Yunus ya ce shi ma ya taɓa tsayawa Muzdalifa ya ga taron, an cika maƙil, amma ba wanda ya san sunan saniyar wani.

Faɗin ƙauyen kuwa, ni na tambaya, lokacin muna koyon taswira a makaranta. Ya ce, "Amaryata, in uwarki ta kira ki daga bakin kogi, kina gonar ƙarshe za ki ji ta."

Kaka ya tuntsire da dariya. "Ashe tsakar gida ce."

"Makaho, ba ka san muryar uwata ba."

Amma abin alfaharinsa motar garinsu ce. Guda ɗaya tak, in damina ta sauka sai ta tsaya a hayin kogi, kwalekwale da amalanken shanu su ƙarasa da mutane. Duk da haka ya raina motocin Kudai, wai ba su da tarbiyya, suna tashi ba sallama. Na ga ranar da ya tsaya gaban wata babbar bas da butarsa a hannu, saboda wata tsohuwar hajiya ba ta gama shayinta ba. Direba yana ta hon, yana cewa da Larabci, "Yalla ya ammi!" wato baba, a ba mu hanya. Baba Yunus ya ce masa a garinsu mota takan jira mai wanka ma. Sai da tsohuwa ta shanye, ta ɗauraye kofi, sannan ya matsa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne akwatinsa. Duk bayan Hajji sai ya sauko da shi ya goge, ya ce bana zai koma gida. Ni kuwa sai in kasa cin abinci, ina tunanin wa zai kai Kaka salla. Kaka yakan daure ya ce, "Tafi mana, wa ya riƙe ka?" Shi kuma ya dafa gwiwa ya ce, "Sai kwalta ta isa ƙauye. Ƙashin bayana ba zai ɗauki amalanke ba." Sai akwati ya koma saman kabad, ni kuma in sami sukuni.

Kaka ya rasu, Baba Yunus ya bi shi kafin wani Hajjin ya zagayo. Sai bayan na yi aure ɗan ƙanen Baba Yunus ya zo Umara, ya neme mu. Na tambaye shi ko kwalta ta isa. Ya dube ni da mamaki, ya ce an yi kwalta da gada tun kafin a haife shi, kuma Baba ya sani, don duk shekara suna roƙonsa ya dawo, yana ce musu yana da wanda yake kaiwa masallaci.

Allah ya jiƙan Baba Yunus, ya riƙe hannunsa yadda ya riƙe na Kaka.